3.4 Sharhi a Kan Gyaran Kantin La Samaritaine

Kantin La Samaritaine yana tsakiyar birnin Faris na ƙasar Faransa, a gaɓar kogin Seine. Ernest Cognacq ne ya kafa shi a shekarar 1870. Daga baya Frantz Jourdain ya tsara masa ginin ƙarfe da gilashi a farkon ƙarni na 20, Henri Sauvage kuma ya ƙara ɓangaren da ke fuskantar kogi tsakanin 1926 da 1928. An rufe kantin a 2005 saboda bai cika ƙa'idojin kariya daga gobara ba. Ba a sake buɗe shi ba sai a watan Yunin 2021, bayan da kamfanin LVMH ya kashe wa gyaransa kimanin yuro miliyan 750.

Idan aka dubi ɓangaren da hukuma ta sanya cikin jerin gine-ginen tarihi tun 1990, dole a yaba wa aikin. An gyara rufin gilashi da babbar matakala, aka kuma maido da zanen ɗawisun da ke ƙarƙashin rufin, mai tsawon mita 115, yadda yake tun asali.

Amma abin lura a nan shi ne, wannan kulawa ta tsaya ne inda dokar ta tsaya. Wasu daga cikin tsofaffin gine-ginen kantin da ke kan titin Rivoli ba sa cikin jerin, don haka aka rushe su, aka tayar da bangon gilashi mai lanƙwashe-lanƙwashe wanda kamfanin SANAA na Japan ya zana. Ƙungiyoyin kare kayan tarihi sun kai ƙara, har kotu ta soke izinin ginin a 2014 bisa hujjar cewa bai dace da gine-ginen da ke maƙwabtaka da shi ba. Kotun ƙoli ta harkokin mulki ta maido da izinin a watan Yunin 2015. Sai dai hukuncin ya tabbatar da halaccin ginin ne kawai, bai nuna cewa rushewar ta zama dole ba.

Babban raunin aikin ma ba a bango yake ba. A da, kantin na masu matsakaicin hali ne, inda ake samun komai, daga tufafi har ƙusa da guduma. Bayan gyara ya koma wurin sayar da turare da kayan ƙawa masu tsada, ginin Sauvage kuma ya zama otal ɗin Cheval Blanc mai ɗakuna 72. Gaskiya ne an ware gidaje 96 masu sauƙin haya da wurin renon yara, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a unguwa mai tsada irin wannan. Duk da haka, ɓangaren da ke kallon kogi, wanda ya fi kowane daraja, otal ɗin aka bai wa.