Yadda Ake Kafa wa Manhaja Hujja

Mai rubuta manhaja da ba ya son wahala yakan gwada ta sau goma, in ba ta yi tuntuɓe ba ya miƙa ta. Amma gwaji shaida ce kan abin da aka gwada kawai. Akwai gwanayen da ke kafa hujjar lissafi cewa manhajar za ta yi daidai ko wace lamba aka ba ta. Robert Floyd a 1967 da Tony Hoare a 1969 suka shimfiɗa ƙa'idojin wannan aiki.

A ɗauki ƙaramar manhaja mai tara nauyin buhunan gero a rumbun manoma a Attantane. Da farko gwani zai rubuta sharuɗɗa biyu. Na shiga: ga jerin buhuna, kowanne da nauyinsa. Na fita: jimillar da za ta fito ita ce nauyinsu duka.

Sai ya zo kan zagaye, wato umarnin da kwamfuta ke maimaitawa buhu bayan buhu. Nan gwanintar take. Yana neman magana ɗaya da ba ta sauyawa komai yawan zagayen: jimillar da ke hannu daidai take da nauyin buhunan da aka riga aka ƙirga. Ya nuna haka take tun farko, lokacin da ba a ƙirga komai ba, jimilla tana sifiri. Ya nuna in maganar ta tabbata kafin a ɗauki wani buhu, za ta tabbata bayan an ƙara shi. Da matakan nan biyu, buhu uku da buhu miliyan duk sun shiga hannu.

Saura tambaya ɗaya: zagayen zai ƙare? Sai ya nuna ragowar buhunan tana raguwa da ɗaya kowane zagaye, dole ta kai sifiri. A lokacin an ƙirga duka, sharaɗin fita ya cika.

Duk da haka ba ya amincewa da idonsa. Yana miƙa hujjar ga manhajar tantancewa irin su Coq ko Isabelle, wadda ke bin kowane mataki, ta ƙi wanda ya yi tsallake.

Da irin wannan haƙuri aka gina manhajar tsaro ta layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, wanda ya fara tafiya ba direba a 1998, bisa dabarar B ta Jean-Raymond Abrial. A 2009 masana a Ostireliya suka tabbatar da seL4, zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura. A lokacin layukanta kimanin 8,700 ne, hujjarta kuwa kimanin 200,000: kowane layin umarni yana da fiye da layi 20 na dalili a bayansa.