Fentin Ƙananan Sojoji: Aikin Ido da Haƙuri

A Ingila da sauran ƙasashen Turai, da Amurka, akwai manya masu hankalinsu, maza da mata, da idan sun tashi daga aiki sai su kunna fitilar tebur su zauna yi wa sojan roba fenti. Tsawon sojan bai wuce milimita 28 zuwa 32 ba, wato bai kai rabin ɗan yatsa ba. Amma a wannan ɗan jiki akwai ɗamara, da maɓallai, da kube, da igiyar takalmi, har da ƙwayar ido. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce wasan yara ne. Gani ya kori ji: duk wanda ya ɗauki ɗaya daga hannun gwani ya matso da shi kusa da fuska, ya san an yi aiki.

Sojojin na wasan yaƙi ne da ake yi a kan tebur. Mutum biyu, kowa da rundunarsa, a shimfiɗa fili mai tuddai da itatuwa da kangayen gidaje, a auna tafiyar dakaru da tef, a jefa 'ya'yan lido don a san wanda harbinsa ya samu. Wasan ya samo tushe daga rundunar Furushiya ta ƙasar Jamus, inda a 1824 wani hafsa mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar da shi don horar da hafsoshi a kan taswira. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki, farashinsu ya sauko, suka shiga gidaje. A 1913 marubuci H. G. Wells ya fitar da littafin Little Wars mai ƙa'idojin wasa da irin waɗannan sojoji. Wanda ya fi kowa yaɗa abin a zamaninmu shi ne kamfanin Games Workshop, da aka kafa a Landan a 1975, yanzu kuma hedkwatarsa na Nottingham. Shi ya fito da Warhammer a 1983, da Warhammer 40,000 a 1987. Kayan nasa kuwa ba a haɗe ake sayar da su ba. Mai saye zai buɗe kwali ya tarar da hannuwa da kawuna da makamai, duk ruwan toka, maƙale a jikin firam. Yankewa da haɗawa da fenti duk nasa ne.

Sabon shiga yakan ɗauka aikin shi ne a sa ja a inda ja ya dace, shuɗi a inda shuɗi ya dace. Idan ya yi haka ya ajiye sojan a tebur, sai ya ga abu shafal, ba rai, ba fasali. Dalili shi ne ƙanƙantar jikin. Mutum na gaske idan ya tsaya a rana, naɗin rigarsa na da zurfin da zai yi inuwa, kafaɗarsa na da faɗin da za ta kama haske. A jikin ɗan soja naɗin riga bai kai milimita ɗaya ba, don haka hasken ɗaki ba ya samun wurin da zai yi wannan aiki. Dole mai fenti ya yi wa haske aikinsa: ya zuba duhu a kowane lungu, ya ɗora haske a kowane tudu, ya kuma zuzuta bambancin fiye da yadda yake a zahiri, don ido ya gane shi daga nesa. Gwanintar gaba ɗaya a nan take.

Kafin a kai can akwai aikin da ba wanda zai yaba, amma rashinsa kan tona asiri. Ana kankare siririn layin da mazubi ya bari a jikin roba da bakin wuƙa, a haɗa gaɓoɓi da gam, sannan a fesa fentin share fage, baƙi ko fari ko ruwan toka, don sauran fenti ya kama. Wasu kan fesa baƙi ko'ina, su dawo su fesa fari daga sama kaɗai, kamar rana na tsaka. Tun kafin a sa launi ko ɗaya, sojan ya riga ya nuna inda haske zai sauka da inda inuwa za ta kwanta.

Fentin da aka fi amfani da shi mai narkewa a ruwa ne, irin na Citadel ko Vallejo, kuma darasin farko da ake nanata wa kowa shi ne a tsinka shi. Idan aka ɗebo shi da kaurinsa daga kwalba, sai ya cike ramin ido, ya binne maɓallai, ya bar shatin buroshi. Ana sirka shi da ruwa har ya yi kamar madara, a shafa, a bari ya bushe, a sake shafawa. Duncan Rhodes, wanda ya yi suna wajen koyar da fenti ta bidiyo, da wannan shawara ta shafi biyu marasa kauri aka san shi. Don kada fenti ya bushe kafin a gama, ana ajiye shi a kan takarda da aka shimfiɗa a bisa jiƙaƙƙen soso. Buroshin da gwanaye ke so kuwa na gashin wutsiyar wata ƙaramar dabba ce ta Saberiya, kuma ba ƙanƙantarsa suke nema ba, tsininsa suke nema. Buroshi mai ɗan ciki yana riƙe ruwa, mai gashi uku kuwa kafin ya isa jikin soja ya bushe.

A ɗauki misali da sojan Ansar na yaƙin Mahadi a Sudan, wanda ya fara a 1881, irin wanda tagwayen masassaƙa Alan da Michael Perry ke fitarwa. Yana sanye da farar jibba mai faci-faci masu launi. Farar riga na cikin abin da ya fi wuya, domin idan aka fara da fari sol, babu sauran abin da ya fi shi haske da za a ɗora. Gwani yakan fara da launin ƙashi. Sai ya kawo ruwan ƙasa da aka tsinka sosai, ya bar shi ya gangara da kansa cikin naɗin riga da hammata da ƙarƙashin ɗamara. Idan ya bushe, ya dawo da launin ƙashin a kan tudun kowane naɗi, ya bar duhun a rami. Ya ƙara ɗan fari a haɗin, ya shafa a wuri mafi ƙanƙanta. Ya sake ƙarawa, ya sake rage wurin. Fari tsantsa sai a ƙarshe, ɗan layi a kafaɗa da gefen hannun riga. Facin shuɗi ko ja da bai kai ƙwayar shinkafa ba, shi ma sai an yi masa duhunsa da haskensa. Ido zai ce rigar fara ce, alhali farin gaske kaɗan ne a jikinta.

Gashin kai da gashin dabba da sulke suna da tasu dabara: a ɗebi fenti, a goge buroshi a tsumma har ya kusa bushewa, a riƙa share saman wurin da sauri. Ragowar fentin sai ya kama tudu kawai. Idon soja kuwa a nan hannu ke rawa. Mai fenti yakan kafa gwiwar hannu a tebur, ya haɗa tafukansa biyu don su yi rawa tare, ya ja ɗan fari, ya ɗiga baƙi wanda zai taɓa sama da ƙasa. Idan ɗigon ya tsaya a tsakiya, fari ya kewaye shi, sojan zai fito kamar wanda ya firgita.

Ƙololuwar gwaninta ita ce a yi takobi ko sulke ba tare da fenti mai ƙyalli ba. Da toka da baƙi da fari kaɗai, ko ruwan ƙasa da rawaya idan zinariya ake so, mai fenti zai zana walƙiyar ƙarfe yadda masu zanen hoto ke yi a kan allo. Dole ya yanke shawarar inda haskensa yake fitowa, ya tsaya a kai daga kwalkwali har takalmi. Irin wannan aiki ake kaiwa gasar Golden Demon, da Games Workshop ya fara a 1987, inda zakaran gasa ke karɓar takobi na gaske, kuma mutum kan shafe watanni a kan soja ɗaya.

Mai runduna ba shi da wannan lokaci, kuma tasa gwanintar daban ce. Yana da soja hamsin ko ɗari da za a kalla daga nisan hannu, don haka sai ya jera goma, ya yi wandon duka, ya dawo ya yi fatar duka, ya san abin da zai bari don ido ba zai kai gare shi ba. Babban misalin wannan aiki shi ne wanda aka nuna a Wellington ta ƙasar Niyu Zilan a 2015, don cika shekara ɗari da yaƙin Galipoli. Mai shirya fim Peter Jackson ya sa tagwayen Perry suka sassaƙa sojojin, kimanin 5,000 masu tsawon milimita 54, 'yan sa-kai fiye da ɗari daga ƙungiyoyin wasan suka raba su suka yi musu fenti, duk a kan tsarin launi ɗaya.

Masu wannan sha'awa suna yi wa juna tsiya a kan tarin kwalayen da suka saya ba su taɓa ba, domin saye na minti biyar ne, fenti kuwa na makonni. Shawarar da tsofaffin hannu ke ba sabo ita ce ya ajiye sojansa na farko, komai muninsa, kada ya wanke shi. Bayan shekara ya ajiye sabo kusa da shi. Abin da zai gani bai tsaya a natsuwar hannu ba. Zai tarar ya koyi kallo: ya san inuwar jan ƙyalle ba baƙa ba ce, ya san inda haske ke sauka a kumatu da goshi, ya san ƙarfe ya fi duhu dab da inda ya fi walƙiya. Wannan kuwa ba a kwalba ake sayar da shi ba, sai an zauna.