Aya Ɗaya Ta Ishi Yini: Nazarin Bimbinin Safe a Gidajen Kirista

Masu sukar addu'ar safe da ake yi a gidajen Kirista masu jin Hausa, daga Wusasa har Tudun Wada, zargi biyu suke yi mata. Wai ɗaukar aya ɗaya tal tana raba ta da 'yan'uwanta har ta faɗi abin da ba a nufa ba, kuma wai hadda ce irin ta aku, aikin tsofaffi da matan zumunta. Mai wannan magana ya ji farkon al'adar ne, bai tsaya ya ga inda take ƙarewa ba.

Asalinta a fili yake. Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna a birnin Zariya tun 1905, aka mayar da mishan Wusasa a 1929, sannan Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Waɗanda suka fara riƙe shi 'ya'yan ƙasar allo da tawada ne, wasunsu ma zuriyar Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano. A wurin irin waɗannan mutane, karatu bai kai karatu ba sai ya zauna a ka, ya kuma fito a hali.

Hawa uku ake yi. Maigida ko uwargida su karanta ayar da ƙarfi, yara su maimaita har ta kama bakinsu, sannan a jefa wa kowa tambaya: yau a ina wannan magana za ta tare ka? Wannan tambaya ita ce ƙashin bayan al'adar. A ɗauki ayar farko ta sura 11 a littafin Karin Magana, wadda ke tir da ma'aunin zamba. Mai sayar da hatsi a kasuwar Tudun Wada ta san mudun saye da mudun sayarwa, wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki. Ayar za ta tsaya mata a daidai lokacin da hannunta ya kai ga na biyun. Tela zai gamu da ita a ragowar yadin da mai kayan bai san ya rage ba, ɗan acaɓa kuwa a bakin baƙon da bai san kuɗin zuwa unguwar Kongo ba. Aya ɗaya ce, amma kowa ya ambaci nasa ma'aunin a gaban iyalinsa, kuma wanda ya faɗa da safe yana jin nauyin a tambaye shi da dare.

Batun raba aya da mahallinta yana da ƙanshin gaskiya, musamman a yanzu da ake tsintar ayoyin alkawarin arziki kawai a bar na tsautawa. Maganinsa shi ne a bi littafi a jere, aya bayan aya, masu daɗi da masu ɗaci. Bayanin tarihi da zurfin ma'ana aikin wa'azi ne da nazarin tsakiyar mako; bimbinin safe aikinsa ya raka mutum kasuwa. Zabura ta farko ta yabi mai tunanin shari'ar Ubangiji dare da rana, wasiƙar Yakubu kuma ta gargaɗi mai ji ba ya aikatawa.

Abin da ya fi barazana ga wannan gado shi ne barin harshen. Matashi ya karanta ayarsa da Turanci a waya, shi kaɗai, alhali da Hausa yake ciniki, da ita yake faɗa, da ita yake neman gafara. Maƙwabcinsa Musulmi kuma ba littafinsa zai duba ba, awonsa da alkawarinsa zai duba. Don haka wajibi ne fastoci da Zumuntar Mata su tsaya a kan abu biyu: a yi bimbinin cikin taron iyali, a kuma yi shi da harshen da ake wuni da shi.