Wa ke riƙe da kiɗan, saba ko DAC?

Bayan sallar isha'i wani abokina ya kira ni, muryarsa cike da ɗoki. "Malam, kayan sun iso." DAC ce ya yi odarta daga Ingila, wato na'urar nan da ke karɓar waƙa a matsayin lambobi ta mayar da ita sautin da amfilifaya za ta tura wa sifika. Kuɗin da ya zuba a kanta sun isa sayen fili a bayan gari. Amma murnar ba ta kwana ba, don dillalin da ya sayar masa ya riga ya sa masa ƙaiƙayi a zuciya. Wai haɗa irin wannan na'ura da kwamfutar tafi-da-gidanka tamkar zuba wa Marsandi kananzir ne, sai ya ƙara sayen sabar waƙa, wato akwatin da ke ajiye waƙoƙi yana miƙa wa DAC, wadda kuɗinta ya yi kusa da na DAC ɗin. "To wacce zan saya, kuma da wace waya zan haɗa su?"

Na ce masa, "Alhaji, juya ta ka karanta mini ramukan da ke bayanta tukuna."

Wannan yayi na saba mai tsada bai daɗe ba. A 2007 kamfanin Linn na Sikotilan ya fito da Klimax DS, mai kunna waƙa ta hanyar sadarwar cikin gida, a 2009 kuma ya sanar cewa ya daina ƙera na'urar CD. Mutane da yawa sun ɗauka wauta ce. Yau ga Aurender daga Koriya ta Kudu, ga Innuos daga Fotugal, ga Antipodes daga New Zealand, ga kuma Taiko Audio na Holan wanda sabarsa mai suna Extreme ta haura dala 25,000. Idan ka kwance kusoshin kowacce, abin da za ka tarar kwamfuta ce: ƙwaƙwalwa, ma'ajiyar fayil, sashen wuta, a cikin akwatin alminiyam mai nauyi. Ban faɗi haka don raini ba, wasunsu an yi musu aiki mai kyau ƙwarai. Sai dai ra'ayina shi ne masu saye sun juya tambayar. Suna fara zaɓen saba sannan su nemi ramin da za su soka ta, alhali DAC ce ya kamata ta faɗa musu abin da take buƙata.

Waƙar da ke kan CD, tun fitowarsa a 1982, lambobi ne guda 44,100 a kowace daƙiƙa ga kowane kunne, kowace lamba mai bit 16. Isar da waɗannan lambobi daga wannan akwati zuwa wancan ba tare da ko ɗaya ta canza ba, an gama da wannan matsala tun tuni. Kwamfutar Raspberry Pi ta dala 35 tana yi. Abin da ya rage guda biyu ne, lokacin da kowace lamba za ta zama sauti, da kuma dattin wutar lantarki da kan biyo waya ya shiga inda ba a gayyace shi ba.

Maganar lokaci ita ce mai daɗin bayani, kuma duk wanda ya taɓa zama gaban makaɗan Shata ya san ta. Mawaƙi na iya sanin baitinsa sarai, 'yan amshi su san nasu, amma idan mai kalangu yana ɗingishi, yana gaggawa nan yana jinkiri can, waƙar ta lalace ko da ba a ɓata kalma ɗaya ba. A cikin waɗannan na'urori agogo ne mai kalangun. Don haka tambayar da nake yi wa kowace waya ita ce, idan na yi amfani da ke, wa ke riƙe da kiɗan?

A tsofaffin hanyoyin, saba ce. S/PDIF da Sony da Philips suka tsara, mai bi ta wayar jan ƙarfe ta ohm 75, da TOSLINK na Toshiba mai aika haske, da AES/EBU na ɗakunan ɗaukar sauti mai ohm 110 da kan XLR, duk tsarinsu ɗaya: ana cusa bugun agogo a cikin lambobin a turo su tare, DAC kuma ta tsamo bugun ta bi shi. Idan mai turowa yana ɗingishi, sai mai karɓa ta yi ta fama wajen daidaita shi. A nan kam agogon saba yana da tasiri, musamman ga tsohuwar DAC wadda ba ta iya tace wannan ɗingishi sosai ba. Shi ya sa kamfani irin Grimm, shi ma na Holan, ya zuba ƙoƙarinsa a kan mafitar AES ta sabarsa MU1, kuma Berkeley Audio Design na Amurka ya ƙi sa ramin USB a jikin Alpha DAC, ya ware masa akwati daban. Wanda ke da irin wannan DAC, idan ya kashe kuɗi a kan saba mai kyakkyawan agogo, ban ga laifinsa ba.

USB ta zamani ta juya lamarin. Tun lokacin da Gordon Rankin na Wavelength Audio ya yaɗa tsarin da DAC ke jan ragama, wanda Ayre ya yi amfani da shi a QB-9 a 2009, kusan duk DAC mai daraja haka take aiki. Tana da 'yar ma'ajiya a cikinta, tana da agogonta a gefen inda ake juya lambobin, ita ce ke ce wa kwamfuta ƙaro ko dakata. Saba ta koma mai miƙo kaya kawai. Nan ne abin ke ba ni mamaki. Mutum zai sayi saba don an yi masa tallar agogonta da ake ɗumamawa a cikin ɗan murhu don kada zafi ko sanyi su taɓa shi, sannan ya haɗa ta da USB, hanyar da ba wannan agogon ne ke yanke lokacin sautin ba. Ya ɗauko makaɗi daga nesa da kuɗi mai yawa, ya zaunar da shi a zaure, wani na kiɗa a cikin gida.

I²S kuwa, wadda ake ta yayinta yanzu ta kan wayar HDMI, Philips ya tsara ta ne a 1986 don sassan da ke cikin akwati ɗaya su yi magana da juna a tazarar 'yan santimita. Fito da ita waje dabara ce ta wasu kamfanoni, kuma har yau ba su haɗu a kan tsarin ƙafafun wayar ba. Idan saba da DAC ba 'yan gida ɗaya ba ne, sayen kifi a ruwa ne.

Saura dattin wuta, kuma a nan ne nake rabuwa da mujallun Turai da Amurka, ba don sun yi ƙarya ba, sai don gidajensu ba irin namu ba ne. Wayar USB tana ɗauke da wuta bolt 5 da layin ƙasa, ma'ana tana haɗa jikin kwamfuta da jikin DAC. Duk hayaniyar da ke cikin kwamfutar tana da gadar tsallakawa, sai fa idan maƙerin DAC ya yanke gadar daga ciki, kamar yadda masu kyau da yawa suke yi. Mai rubutu a Landan yana maganar hayaniyar da sai na'urar awo ke ganinta. Ni kuwa a ɗakina wuta uku ke karɓa-karɓa a yini guda, ta NEPA da ta janareta da ta inbata, kuma gidaje nawa ne a unguwarmu aka binne musu wayar ƙasa yadda ya kamata? Na taɓa shafe mako biyu ina farautar wani siririn zuuu a sifikar hagu. Na canza waya har uku, ashe cajar kwamfuta ce da inbata ba sa ga maciji. Abin da ya kashe ƙarar shi ne wayar TOSLINK ta roba, wadda masana ke yi wa kallon ta talabijin. Haske ba ya ɗaukar wuta, shi ke nan. Iyakarta dai sau da yawa ba ta wuce 24/96, wato bit 24 da lambobi 96,000 a daƙiƙa, wasu na kaiwa 24/192, kuma ban taɓa jin na yi rashin wani abu ba. Mai sayen wayar USB ta dala 1,000 alhali soket ɗin bangonsa ba shi da layin ƙasa, ya bar jaki yana dukan taiki.

Da abokina ya gama karanto ramukan, sai ga na Ethernet a ciki. DAC ɗinsa tana da nata sashen karɓar waƙa daga hanyar sadarwa, kamar yadda dCS da Linn da wasu suke yi. A wurina magana ta kusa ƙarewa. Ethernet tana da 'yan taransifoma a kowane baki da ke raba wutar ɓangarorin biyu, idan wani ƙunshin lambobi ya ɓace ana sake aiko shi, agogo kuma na DAC ne. Sabar na iya zama a wani ɗaki can kusa da rauta, ta yi ta hura fankarta ba mai ji.

To me ya rage da za a biya kuɗi dominsa? Manhaja, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ita za ka riƙa taɓawa kullum, ita ce za ta nemo maka waƙa cikin faifai dubu uku ko ta sa ka yi tsaki ka koma YouTube. Kuma ita ce ke fara mutuwa. Amfilifaya ta shekara 30 tana nan tana aiki, amma Logitech ya daina yin na'urar Squeezebox a 2012, sa'ar masu ita ɗaya, manhajar a buɗe take, masu sha'awa suka ci gaba da raya ta. Kamfanin MQA, mai wani tsarin matse waƙa, ya durƙushe a 2023, dandalin waƙa na Tidal ya yi watsi da tsarin a 2024, aka bar masu na'urorin da tambari a goshin akwati. Manhajar Roon da ta fito a 2015 ta koma hannun Harman a 2023. Saboda haka ba na son zuba kuɗin gida a kan abin da ransa ke hannun wata manhajar waya.

Sai ma'ajiya. Sa'a ɗaya ta waƙa a matakin CD kusan megabait 635 ce kafin a matse ta da FLAC, a 24/192 kuwa ta haura gigabait 4. Mai sayen data da kuɗinsa ya san ma'anar wannan. Ga shi kuma yawancin abin da nake ƙauna, Shata da Ɗan Maraya Jos da Ɗanƙwairo, daga kaset da faifan garmaho da ɗakin ajiyar gidajen rediyo suka fito, kwafin da ya fi kyau sau da yawa yana hannun wani dattijo ne. Dole in ajiye nawa, in kuma yi masa kwafi na biyu a wani faifan, don zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu ba sa tausayin na'ura.

Akwai mutanen da nake girmama kunnensu da suka rantse sun ji bambanci tsakanin saba da saba ko ta USB, ba kuma zan ce musu ƙarya suke yi ba. Abin da nake roƙo kaɗan ne: a daidaita ƙarfin sauti, wani ya riƙa sauya wayar a bayan labule, mai sauraro bai san wacce ke aiki ba. Na gwada haka a kaina, bambancin da na rantse ina ji da rana ya gudu da daddare, kuma ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

Abokina bai sayi sabar dillalin ba. Ya samo ƙaramar kwamfuta marar fanka da SSD mai terabait 2, ya ja wayar Ethernet daga falo zuwa ɗakin sauraro, ya kira mai gyaran wuta ya binne masa sandar jan ƙarfe a bayan ɗaki. Ranar Asabar na je. Ya fara sa mini Talking Timbuktu na Ali Farka Touré da Ry Cooder, na 1994, don in ji yadda jita ke tsayawa a tsakiyar ɗaki. Daga nan ya lalubo wani kaset na Ɗan Maraya da ya kwafa da kansa, da shuuu ɗinsa da komai. Muna cikin jin kuntigi aka ɗauke wuta, inbata ta karɓa, waƙar ba ta ko yi tuntuɓe ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, yanzu saura sifikun nan, ina ganin sun yi wa ɗakin ƙanƙanta."