Darasin Wagner Ga Masu Kiɗan Fina-finanmu

Duk mai kallon fina-finan Hausa, a waya ko a gidan kallo a Birnin Konni da Malbaza, ya san inda kiɗansu ya tsaya. Fiyano ɗaya mai sanyi shi ke raka mutuwa, shi ke raka saki da talauci. Can sai a dakatar da labari a rera waƙar soyayya mai salon Indiya. A ganina kiɗan nan cike gurbi kawai yake yi.

Richard Wagner, Bajamushe mai tsara kiɗa da aka haifa a Leipzig a 1813, ya ɗora wa kiɗa nauyin labari. A wasansa na opera mai kashi huɗu, Der Ring des Nibelungen, wanda ke cin kusan awa 15, aka kuma fara nuna shi cikakke a Bayreuth a 1876, jarumi da takobi da zobe da la'ana kowanne yana da ɗan gajeren sautinsa. Da ka ji sautin, ka san abin da ke tafe ko ba a furta ba. Ƙiyayyarsa ga Yahudawa ta ɓata masa suna har yau, amma dabarar ta zama ginshiƙin kiɗan fim, daga kiɗan Max Steiner a fim ɗin King Kong na 1933 zuwa na John Williams a Star Wars na 1977.

Mu kuwa da wannan muka tashi. A fadoji, daga Illela ta Sarkin Adar har Sakkwato, basarake da takensa ake saninsa. A filin kokowa makaɗi na taɓa ganga jama'a sun gane wanda zai shigo. Masu son dambe ba su raba Shago da kiɗan Ɗan Anace.

Abin da Wagner ya ƙara shi ne juya take ya bi halin mai shi. Sautin da ya shigo da jarumi cikin ƙasaita shi zai dawo a raunane ranar faɗuwarsa, mai sauraro ya tuna duk abin da ya wuce. Wannan ya kamata mu ɗauka, da kalangu da gurmi da algaita.

Sharaɗin ɗaya ne: furodusa ya daina kiran mai kiɗa bayan an gama tace fim. A ba shi labari tun kafin a fita ɗauka, ya san mutanen da zai ƙera wa take, a kuma biya shi kuɗin wannan aiki.