Bamfaya a Littafin Wasa: Tsokaci kan Tsoro da Matsalar Fassara a Khartum da Omdurman

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi tsokaci ne a kan wani nau'in littafi da ya yaɗu a Ingila da Amurka, wanda ake yi domin yara, amma manya masu sha'awar adabin ban-tsoro suke rububinsa. Tauraronsa shi ne bamfaya, wato mataccen da ke fitowa daga kabari da dare yana shan jinin masu rai. Manufar takardar ita ce a nuna cewa sunan da mai fassara zai bai wa wannan halitta a Hausa ba ƙaramin al'amari ba ne, musamman ga Hausawa mazauna Khartum da Omdurman.

2.0 Asali da Siffar Littafin

Bamfaya ya shiga ƙagaggun labaran zube na Ingilishi da gajeren labarin John Polidori a 1819, sannan ya kafu da littafin Dracula na Bram Stoker a 1897. Stoker bai saƙa labarinsa da bakin mawallafi guda ba. Ya harhaɗa shi ne da wasiƙu da kundayen tarihin rana-rana da yankakkun labaran jarida, domin mai karatu ya ji kamar hujjoji yake dubawa.

Wannan dabara ce kamfanin Templar ya mayar abin taɓawa da hannu. Ya fara jerin littattafansa da Dragonology a 2003, ya fitar da Vampireology a 2010. An shirya shi kamar tsohon kundin wani mai bincike. A cikinsa akwai wasiƙu da ake warwarewa a karanta, da 'yan marafai da ake ɗagawa a ga abin da ke ɓoye. Tun kafin nan, Jan Pieńkowski ya fitar da Haunted House a 1979, wanda hotunansa ke miƙewa tsaye da an buɗe shafi.

3.0 Ƙarfinsa da Rauninsa

Ƙarfin littafin shi ne ya danƙa linzamin tsoro a hannun yaro. Shi ke ɗaga marfi, shi ke rufewa. Dodon ba ya fitowa sai da izininsa. Babba kuwa yana jin daɗin gane tsofaffin alamomin da ya sani, kamar tafarnuwa da akwatin gawa.

Rauninsa kuma daga nan ya taso. Hannu ya shagala, zaren labari ya tsinke. Sirrin da ke ƙarƙashin marfi sau ɗaya yake ba da mamaki. Ga tsada, ga saurin yagewa, shi ya sa sau da yawa yakan ƙare a kantar mai tara littattafai maimakon hannun yaro.

4.0 Gadon da Ke Ƙasa

Sa hannun yaro cikin labarin tsoro ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mai tatsuniya ba ta ci gaba sai yara sun amsa mata mabuɗi. Suna karɓar amshi, suna tambaya, ita kuma tana auna fuskokinsu kafin ta ƙara wa Dodo kaurin murya. Haka habboba, wato kaka, take yi a Omdurman idan tana ba da labarin Fatima Samha da gul. Wannan fage ne da takarda ba ta iya shiga, domin marfi ba ya ganin idon yaro.

Sudan kuma tana da tarihin rubuta wa yara. Mujallar Al-Sibyan ta fara fitowa a 1946, kuma Farfesa Abdullahi al-Ɗayyib, wanda ya yi aiki a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a shekarun 1960, ya tattara tatsuniyoyin ƙasar a littafinsa Al-Ahaji al-Sudaniyya. Yaron Bahaushe da ya tashi a unguwa irin Ishash Fallata ta Khartum magajin taskoki biyu ne, ta Hausa da ta Larabci. Al-Amin Abu-Manga ya nuna a nazarinsa na 1999 yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci.

5.0 Matsalar Suna

Mai fassara yana da kalmomi huɗu a gabansa. Fatalwa tana da alaƙa da mamaci, amma ba a san ta da shan jini ba. Dodo yana cin mutane, amma ba matacce ba ne. Ba'ati na Larabcin Sudan, wato wanda ake cewa ya dawo bayan an binne shi, ya fi kusa ta fuskar kabari. Ta huɗu ita ce maye, kuma ita ce ta fi saurin zuwa bakin ɗalibi, domin maye ma yana rayuwa ne da ran wani.

A nan hatsarin yake. Bamfaya ya zama abin wasa ne saboda mai karatu a Landan ba ya zargin maƙwabcinsa da shan jini. A ƙauyukan Sabiya, cikin shekarun 1720 da 1730, lokacin da aka gaskata da shi, kaburbura aka riƙa tonewa ana soke gawarwaki. Maita kuwa zargi ne da har yau yake faɗawa a kan mai rai. Ana cewa wance ta kama kurwar yaro, a tilasta mata ta tsallake shi, a ce ƙanƙarar gado ce, a ƙi auren 'ya'yanta.

A Sudan lamarin ya fi nauyi. Malaman da suka fito daga Afirka ta Yamma sun yi suna da laya da rubutun sha, kuma irin wannan suna ba ya wuyar rikiɗewa ya koma tuhuma. A 2003 jita-jita ta game Khartum cewa wasu baƙi suna sace mazakuta ta hanyar musabaha, aka kuma danganta abin da mutanen Afirka ta Yamma. Littafin da zai koya wa yaro alamomin gane maye, kamar yadda na Turai ke lissafa alamomin bamfaya, makami ne aka ɗora masa a kan tsohuwar da ke maƙwabtaka da su.

6.0 Kammalawa

An ga cewa dabarar marfi da wasiƙa abar aro ce, kuma Dodo da gul za su zauna a cikinta lafiya, domin ba su da dangi a unguwa. Shi kuwa bamfaya, gara a bar masa sunansa na aro, ya ci gaba da zama baƙo. Yaran Khartum da Omdurman, waɗanda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba da yawansu da gidajensu, sun riga sun san tsoron da ba a rufe shi da marfi. Ya kamata ɗalibin fassara, kafin ya zaɓi kalma, ya tambayi kansa: a kan wa za ta faɗa idan an rufe littafin?