Gizo-gizo a Cikin Kundin Ilmi

Masu tsara kundin ilmi, watau manyan litattafan nan da ke tattara bayanin kowane abu, sun daɗe suna tuntuɓe a kan gizo-gizo. Abin da ke ka da su kuwa shi ne suna: a jera bayani bisa sunan da jama'a ke kira, ko bisa na Latin da masana suka raɗa?

Wanda ya bi sunan jama'a ya huta, amma ya ɓad da mai karatu. A dubi kalmar tarantula. Asalinta sunan wani gizo-gizo ne mai farauta a ƙasa, na wajen birnin Taranto a kudancin Italiya. Daga baya Turawa suka laƙaba ta ga waɗansu ƙatti masu gashi na Amurka, alhali kuwa ba danginsu ɗaya ba. Kundin da ya zuba su ƙarƙashin kai guda ya kwantar da baƙi biyu a ɗaki ɗaya, ya ce wa da ƙane ne. In da Hausa za a rubuta, abin ya fi haka wuya, gama ga Gizo na tatsuniya, mijin Ƙoƙi, yana jiran nasa shafin dabam.

Sunan Latin ya fi aminci, amma fa shi ma yana motsi. A 1758 Linnaeus, mutumin Suwidin, ya tara gizo-gizo duka a gida guda mai suna Aranea, ya sa su cikin ƙwari marasa fiffike tare da ƙuma da ƙwarƙwata. Sai a 1801 Lamarck na Faransa ya fid da su daga nan. Tun daga sa'an nan ake ta raba gidan nan, har aka sami dangi fiye da 100, kowane dangi da gidajensa, kowane gida da ire-irensa. A 2022 yawan ire-iren da aka sa wa suna ya kai 50,000.

To, a nan ne babban laifin waɗansu masu tsari ya ke. Sukan ɗora wa kansu ba kowane iri shafinsa. Da yawa daga cikin ire-iren nan ba abin da aka rubuta game da su sai siffarsu, da wanda ya raɗa sunan, da ƙasar da aka kama su. Mai karatu ya buɗe, ya tarar da layi biyu, bai ji yadda halittar ke saƙa ko farauta ba. Da an tattara irin waɗannan a shafin gidansu, da an faɗi halinsu sau ɗaya, an faɗe shi sosai, a bar shafi na musamman ga wanda ke da labari.

Tsarin nan ya fi kuma jure sauyi. A 2019 aka ɗebe waɗansu masu saƙa mai ruwan zinariya daga gidan Nephila zuwa Trichonephila. Mai shafuffuka barkatai sai ya bi su ɗai ɗai yana kankarewa, lalle kuwa ya manta da wani. Mai jeri guda zama ɗaya ya ishe shi, muddin yana bin rajista ɗaya, kamar World Spider Catalog da ke hannun gidan tarihin halitta na birnin Bern tun 2014, yana kuma rubuta shekarar da ya duba ta a gindin shafi.